Ƙirgen retikulosit: yadda ake gane ko ɓargo yana mayar da jinin da aka rasa

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro take kan ganiyarta a jihar Damagaram, takardun da ke shiga ɗakin gwaji abu biyu suka fi nema: a duba ƙwayar palu, a auna emogulobin. Dukansu wajibi ne, amma akwai tambayar da ba sa amsawa. Emogulobin yana faɗin yawan jinin da ya rage a jiki a wannan sa'a, ba ya faɗin ko ɓargo yana ƙera sabo. Yara biyu za su iya kwanciya gado da gado, kowanne da giram 5, ɗaya ɓargonsa yana aiki ba dare ba rana don ya cike giɓi, ɗayan kuwa nasa ya tsaya cik. Na farko jininsa fashewa yake yi ko zuba, na biyu ba a ƙera masa ne. Maganinsu ya bambanta, haɗarinsu ma ya bambanta, kuma abin da ke raba su gwaji ne da ba ya neman komai sai mikroskop da gilashi da rini shuɗi da kusan minti 40 na ma'aikaci mai natsuwa. Wannan gwajin shi ne ƙirgen retikulosit.

Mene ne ake ƙirgawa

Jar ƙwayar jini tana yin kwana 120 ko kusa da haka kafin saifa ta tsame ta. Ke nan kowace rana jiki yana rasa kusan ɗaya cikin ɗari na jajayen ƙwayoyinsa, ɓargo kuma yana mayar da daidai wannan adadi. Ƙwayar da ɓargo ya saki ba ta gama nuna ba. Ta riga ta yar da cibiyarta, amma da sauran kayan haɗa emogulobin a cikinta, wato ragowar ARN. Wannan ɗanyar ƙwaya ita ce retikulosit. Takan yi kamar kwana uku a ɓargo, ta yi kwana ɗaya tana yawo a jini, sannan ragowar ta ɓace, ba a ƙara bambanta ta da sauran.

Mai ba ɓargo umarni ita ce ƙoda. Idan iskar oksijan da ke isa gare ta ta yi ƙasa, sai ta ƙara sakin wani sinadari mai suna eritiropoyetin, shi kuma ya tashi ɓargo. Ɓargo mai lafiya da ya samu ƙarfe da folik asid da bitamin B12 yana iya ninka aikinsa sau da yawa, amma ba nan take ba. Bayan zubar jini mai yawa, ɗanyun ƙwayoyin sukan fara hawa ne daga kwana na 3 zuwa na 5, su kai ƙololuwa tsakanin kwana 7 da 10. Don haka macen da ta zubar da jini a haihuwar jiya, ƙirgenta na yau ba zai nuna komai ba tukuna, kuma kuskure ne a ce ɓargonta ya gaza.

A baligi mai lafiya retikulosit sukan kasance kashi 0.5 zuwa 2.5 cikin 100 na jajayen ƙwayoyi, ko kuma 25,000 zuwa 100,000 a kowace mikrolita ta jini. Jaririn da aka haifa yau yana da kashi 2 zuwa 6, sannan adadin ya sauko cikin makon farko zuwa na biyu.

Ɗibar jini da kai shi

A ɗebi jini kafin a yi ƙarin jini, ba bayansa ba. Wannan shi ne wurin da aka fi yin asara. Jinin da aka ƙara yana gauraya da na majiyyaci ya rage kason ɗanyun ƙwayoyi, kuma yana sa ƙoda ta sassauta umarninta, sai ƙirgen ya faɗi ba don ciwon ba. Yaron da emogulobin nasa ya yi ƙasa da giram 4, ko yake tsakanin 4 da 6 yana numfashi da ƙyar, ba a jinkirta masa jini don jiran wani gwaji. Abin da ake so kawai shi ne a lokacin da ake ɗibar jinin gwada rukuni a cika ƙaramin tub na biyu a ajiye. Wannan tub ɗin zai yi ƙirgen retikulosit, ya kuma yi gwajin emasi, wato ciwon sikila, wanda shi ma ƙarin jini yana rikita shi har tsawon watanni uku.

Tub mai murfin shunayya, mai EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, shi ake amfani da shi. A cika shi zuwa layin da aka zana, a juya shi sama da ƙasa a hankali kamar sau takwas, kada a girgiza. Idan jinin ya yi kaɗan a cikin babban tub, sinadarin yana sa ƙwayoyin su ƙanƙance, ematokirit, wato kason da jajayen ƙwayoyi suka ci a cikin jini, ya fito ƙasa da gaskiya, lissafin da za a yi da shi daga baya ya karkace. Tub ɗin da aka ga gudan jini a ciki, ko ɗan ƙarami ne, a sake ɗiba. Ga jarirai ana iya huda dunduniya ko yatsa a ɗiga jinin kai tsaye cikin rini, bayan an goge ɗigon farko.

Ɗanyun ƙwayoyi ba sa daina nuna don sun shiga tub, kuma zafi yana hanzarta su. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Zinder ke wuce digiri 40, tub ɗin da ya yini a aljihun ɗan kabu-kabu ko a gaban mota zai ba da ƙirge ƙasa da abin da ke jikin mutum. A yi gwajin cikin sa'a 6. Idan ba zai samu ba, a sa a firigo tsakanin digiri 2 da 8, a yi shi kafin sa'a 24, kuma a bar jinin ya dawo ɗumin ɗaki kafin a haɗa shi da rini. Cibiyar da ke aika jini zuwa Zinder daga nesa, kamar daga ɓangaren Tanut ko Gure, ta sa shi a akwatin sanyi, a naɗe tub ɗin da auduga ko kwali don kada ya taɓa ƙanƙara, domin jinin da ya daskare ya fashe ke nan. A rubuta ƙarfe nawa aka ɗiba a jikin tub ɗin.

Rinin da haɗa shi

Rinin Giemsa da ake duba palu da shi ba ya wannan aiki. A gilashin Giemsa ɗanyun ƙwayoyi sukan fito manya-manya da ɗan duhun shuɗi-shuɗi, kuma wannan alama ce mai amfani ga mai lura, amma mafi ƙanƙantar shekaru ne kawai ke fitowa haka, ba a ƙirge da su. Ana buƙatar rinin da ke shiga ƙwaya tun tana da rai ya dunƙule ragowar ARN ta zama zare da ɗigo-ɗigo. Wanda aka fi samu a nan shi ne mai suna bleu de crésyl brillant a jikin kwalba. Akwai kuma nouveau bleu de méthylène, wanda ya fi shi fitar da zaren sarai. Kada a rikita wannan na biyun da bleu de méthylène na gama-gari da ake rina majinar tarin fuka da shi, sunan ne ya yi kama, aikin ba ɗaya ba ne.

Idan garin rinin aka samu, ana narkar da giram 1 nasa da giram 0.4 na sitirat na sodiyom a cikin mililita 100 na ruwan gishiri mai kashi 0.9, irin na ƙarin ruwa. Ba a haɗa shi da ruwan famfo ko ruwan leda, domin ruwan da ba gishiri yana kumbura ƙwayoyi su fashe. A zuba a kwalba mai duhu, a rubuta ranar haɗi, a ajiye a firigo. Kowace safiya a tace ɗan abin da za a yi aiki da shi a ranar da takardar tacewa. Rinin da ba a tace ba yana zubar da tsaki a kan ƙwayoyi, tsakin nan kuwa shi ne babban abin da ke sa sabon ma'aikaci ya ƙirga abin da babu.

Haɗawa da shimfiɗawa

A ɗiga rini ɗigo 2 ko 3 a ƙaramin tub mai tsabta, a ƙara jinin da aka juya sosai daidai wannan adadi. Idan majiyyacin jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, a ƙara yawan jinin har ninki biyu na rinin, domin ƙwayoyinsa kaɗan ne, kuma idan rini ya yi musu yawa gilashin zai fito fayau, a yi ta yawo ana neman abin ƙirgawa. A rufe bakin tub ɗin. A lokacin hunturu iska ta bushe ƙwarai, ɗigo shida a buɗaɗɗen tub suna iya yin kauri kafin lokaci ya cika, ƙura ma ta faɗa ciki.

A bar haɗin minti 15 zuwa 20 a ɗumin digiri 37. Da bazara ɗumin ɗaki ya wadatar. Da sanyin safiyar Disamba da Janairu kuwa rini yana jinkirin shiga, sai a sa a na'urar ɗumamawa idan akwai, ko a tsayar da tub ɗin cikin kofin ruwa mai ɗumin jiki. Gaggawa a nan tana ba da zare mai dishi-dishi da ba a gani. Barin sa ya wuce rabin sa'a da nisa kuma yana kawo wasu ɗigogi da ba retikulosit ba.

Kafin a ɗauki ɗigon shimfiɗawa, a sake juya tub ɗin da kyau. Ɗanyun ƙwayoyi sun fi tsofaffi rashin nauyi, suna tasowa sama idan haɗin ya kwanta. Wanda ya ɗiba daga sama ba tare da ya juya ba zai samu ƙirge mai yawa, wanda ya tsoma har ƙasa ya samu kaɗan, alhali jini ɗaya ne.

A ɗora ƙaramin ɗigo kusa da bakin gilashi mai tsabta wanda ba maiƙo. A kawo gilashi na biyu mai santsin baki, a jingina shi, a ja da baya har ya taɓa ɗigon, a jira ya bazu a bakinsa, sannan a tura gaba da tafiya ɗaya ba tsayawa. Shimfiɗar ta zama siririya, wadda ƙwayoyi ke kwance kusa da juna ba tare da sun hau kan juna ba. A yi gilashi biyu ga kowane majiyyaci. A busar da su da sauri ta hanyar kaɗawa a iska. Da damina, da iska ke da laima, gilashin da ya bushe a hankali yana fitar da ƙyalli a cikin ƙwayoyi, don haka a sa shi gaban fanka. Ba a zuba masa metanol, ba a ƙara masa wani rini. A kife shi ko a rufe shi saboda ƙuda da ƙura, a karanta shi a ranar, nesa da hasken rana, domin launin yana kodewa.

Abin da ido zai gani

A fara da ƙaramin ido na mikroskop a nemi wurin da shimfiɗar ta yi daidai, a guji wutsiya da gefuna, sannan a ɗiga mai a koma ido mai lamba 100. Jajayen ƙwayoyi a nan ba ja suke ba, sun zama kore-kore mai hasken shuɗi. Retikulosit ita ce wadda ke da abu shuɗi mai duhu a cikinta. Mafi ɗanyantaka tana da dunƙule a tsakiya kamar zaren da ya cukurkuɗe. Ta gaba da ita zaren ya warware ya zama raga. Ta gaba kuma ragar ta tsittsinke, sai guntaye. Ta ƙarshe ɗigo biyu ko uku ne kawai suka rage, ƙanana, a warwatse. Ƙa'idar ita ce duk ƙwayar da ba ta da cibiya kuma tana da ɗigo shuɗi biyu ko fiye, an ƙirga ta. A jinin mai lafiya waɗannan na ƙarshen su ne suka fi yawa, kuma su ne ido ke tsallakewa idan an gaji ko hasken fitila ya yi rauni.

Fili ɗaya na mikroskop yana ɗauke da ƙwayoyi fiye da yadda ido zai bi ba tare da ya maimaita ba. Dabarar da ta daɗe ita ce a yanka takarda mai kauri da'ira daidai cikin gilashin ido, a huda murabba'i mai faɗin milimita 4 zuwa 5 a tsakiya, a kwance gilashin idon a saka ta. Filin ya ƙanƙance ke nan. A ƙirga jajayen ƙwayoyi 1,000, har da retikulosit ɗin a cikinsu, ana rubuta nasu adadin daban, 500 a gilashi na farko, 500 a na biyu. Ƙwayar da ta hau kan layi, a ƙirga ta idan layin sama ne ko na hagu, a bar ta idan na ƙasa ne ko na dama. Inda ake da gilashin ido mai zanen Miller, ana ƙirga retikulosit a babban murabba'i gaba ɗaya, jajayen ƙwayoyi a ƙaramin da yake ɗaya cikin tara na babban, har a kai aƙalla 112 a ƙaramin, sannan a ninka su sau 9.

Akwai masu kama da retikulosit da ya kamata a sani. Tsakin rini yana kwance a kan ƙwayoyi da kuma tsakaninsu, inda ba ƙwaya. Idan aka ga haka a tace rini a sake. Ƙyallin laima ana gane shi da murza ƙaramin abin daidaita gani: yana walƙiya ya koma baƙi ya sake walƙiya, zaren gaskiya kuwa shuɗi yake zama, sai dai ya dushe. Ɗigo guda ɗaya, kewayayye, mai duhu sosai, ragowar cibiya ce da ake kira Howell-Jolly, kuma ana yawan ganin ta a masu emasi da saifarsu ta daina aiki. Ɗigon Heinz ya fi haske, yana manne da bangon ƙwaya, wani lokaci har ya turo shi waje. Ba a ƙirga shi, amma a rubuta an gan shi, domin yana nuna wani magani ko sinadari yana ƙona emogulobin, kamar yadda ke faruwa ga masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyi daga irin wannan ƙuna. Ƙwayar palu ma tana ɗaukar rinin. Idan an yi shakka a duba gilashin Giemsa na mutumin: Howell-Jolly da palu suna nan, zaren retikulosit da ɗigon Heinz ba sa fitowa.

Dole a san iyakar ƙirgen hannu. Idan aka samu 10 cikin 1,000, gaskiyar tana iya kasancewa ko'ina daga kashi 0.5 zuwa 1.8, ba don ma'aikaci ya yi kuskure ba, sai don ƙanƙantar adadin. Saboda haka bambancin kashi 1.0 da 1.4 tsakanin jiya da yau ba labari ba ne. Bambancin kashi 1 da kashi 8 kuwa labari ne babba. Idan ƙirgen ya yi ƙasa ƙwarai kuma hukunci ya rataya a kansa, a ƙara wasu 1,000. Duk ranar da aka haɗa sabon rini a gwada shi da jinin mutum mai lafiya. Idan ba a ga ko ɗaya ba, rinin ne bai kama ba.

Lissafin da ba a tsallakewa

Kaso cikin ɗari shi kaɗai yana yaudara, domin ana auna shi ne da yawan jajayen ƙwayoyi, su kuwa sun ragu. A ɗauki misalin mace mai shayarwa da ta zo da kasala da haki, emogulobin giram 6.2, ematokirit 20, jajayen ƙwayoyi miliyan 3 a mikrolita. An ƙirga retikulosit 25 cikin 1,000, wato kashi 2.5. Mai karanta takarda da sauri zai ce yana bakin iyakar sama, ɓargo yana ƙoƙari. A ninka: kashi 2.5 na miliyan 3 shi ne 75,000. Wannan adadin mai lafiya ne, ita kuwa ta rasa rabin jininta, ya kamata a ce ɓargonta ya ninka aiki. A tsarin da likitocinmu suka koya, mai ƙarancin jini da ƙirgensa ya haura 120,000 ɓargonsa yana amsawa, wanda ya gaza haka bai amsa ba. Wannan mata tana cikin na biyu, kuma da yake ƙwayoyinta ƙanana ne, ƙarancin ƙarfe ne abin zargi na farko.

Inda babu na'urar NFS, mai ƙirga ƙwayoyin jini, da za ta ba da yawan jajayen ƙwayoyi, ematokirit ya isa. A ninka kason da ematokirit na majiyyaci a raba da 45. Ga wannan mata, 2.5 sau 20 a raba da 45 ya ba da 1.1. Akwai gyara na biyu: idan jini ya yi ƙasa, ɓargo yana sakin ƙwayoyi da wuri, sai su daɗe a jini suna ɗanye, a ƙirga na jiya da na shekaranjiya tare da na yau. Don haka ana sake rabawa da 1.5 idan ematokirit yana wajen 35, da 2 a wajen 25, da 2.5 a wajen 15. Nata ya koma kusan 0.5. Abin da ya gaza 2 ɓargo bai amsa yadda ya kamata ba, abin da ya kai 3 ya amsa sosai.

Idan ƙirge ya hau, idan ya faɗi

Ƙirge mai yawa tare da ƙarancin jini yana nufin ɗayan uku: jini yana zuba, ko yana fashewa, ko an fara magani ɓargo yana farfaɗowa. A nemi alamar ciwon shawara a ido, fitsari mai launin shayi, da kumburin saifa. A tambayi magungunan da aka sha, har da na kanti da na gargajiya. Ga jaririn da shawara ta kama tun ranar farko, a duba rukunin jininsa da na uwa, kuma a yi tambaya da ladabi: "Inna, an sa masa lalle? Akwai kafur a cikin kayansa?" Dukansu biyu suna fasa jinin jaririn da ke da ƙarancin G6PD.

Ga mai emasi wannan gwaji yana iya zama abin da ya ceci rai. Ƙwayoyinsa kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi, don haka a ranar da yake lafiya ma ƙirgensa yana sama, sau da yawa kashi 5 zuwa 15 ko fiye. Yaron da ya saba zama da giram 7.5, jajayen ƙwayoyi miliyan 2.5 da kashi 12, yana da 300,000, kuma wannan gudun ɓargon shi ke riƙe da shi. Idan ƙwayar cutar parbobirus B19 ta kama shi, ɓargo yakan tsaya kwana 7 zuwa 10. Mai lafiya ba zai ji wannan tsayawa ba, shi kuwa jininsa zai zube cikin ƴan kwanaki. Ya zo fari fat da giram 4, ƙwayoyi miliyan 1.4, ƙirge kashi 0.3, wato 4,200. Wannan yaro ba zai mayar da jini da kansa a kwanakin nan ba, yana buƙatar ƙarin jini da sa ido, a duba ƴan uwansa masu emasi domin cutar tana yaɗuwa a gida, a kuma nesanta shi da masu juna biyu. Idan kuwa jinin ya faɗi amma ƙirge yana sama, saifa ta kumbura farat ɗaya, to jinin ya taru ne a saifa. Nan ma gaggawa ce, amma ana ƙara jini kaɗan-kaɗan, domin saifa za ta sako wanda ta riƙe. Kashi 2 a takardar mai emasi ba lafiya ba ce, faɗuwa ce. Shi ya sa yake da kyau a rubuta ƙirgen ranar lafiya a katin kowane yaro, don a samu abin kwatantawa. Mai emasi da ke shan maganin hidiroksiyuriya ƙirgensa yakan sauka, haka ake so, amma idan ya gaza 80,000 alhali emogulobin bai kai giram 9 ba, likita ya dakatar da maganin ya sake dubawa.

Palu yana da fuska biyu. Yana fasa ƙwayoyi, waɗanda ya shiga da waɗanda bai shiga ba, amma kuma yana danne ɓargo, don haka a tsakiyar masassara ƙirge yakan yi ƙasa da abin da ake tsammani. Bayan ƴan kwanaki da fara magani sai ya tashi. Idan mako ya wuce bai tashi ba, a nemi abin da ke tare da palun: ƙarancin ƙarfe, tamowa, wata cuta a jini, ko ƙwayar da ba ta mutu ba. Wanda aka yi wa allurar artesunat saboda palu mai tsanani, musamman mai ƙwayoyin cuta da yawa, jininsa yana iya sake fashewa mako ɗaya zuwa uku bayan an sallame shi, don haka a ba shi ranar dawowa awo.

Ƙirge kaɗan tare da ƙarancin jini yana mayar da hankali kan girman ƙwayoyi. Ƙanana: ƙarfe, sai a nemi inda yake tsiyaya, ko tsutsar ciki, ko tsargiya ga yaran da ke wanka a tafki, ko haihuwa kusa da kusa, ko jinin al'ada mai yawa. Manya, da girmansu ya haura femtolita 100: folik asid ko B12, amma a tuna retikulosit da kansu manya ne, idan sun yi yawa suna ɗaga wannan awo. Matsakaita: ciwon ƙoda, tarin fuka, sida, ko magani irin kuloramfenikol. Idan fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin daskarar da jini su ma sun faɗi, ko an ga ƙwayoyin da ba a saba gani ba a gilashi, wannan ya wuce aikin ƙaramar cibiya, a tura shi babban asibitin ƙasa na Zinder ba tare da an tsaya gwada maganin ƙarfe ba.

Bin sawun magani

Bayan an fara maganin ƙarfe, retikulosit ne ke fara ba da labari. Suna hawa daga kwana na 3 zuwa na 5, su kai ƙololuwa tsakanin kwana 7 da 10, alhali emogulobin sai mako 3 zuwa 4 yake ƙara kamar giram 2. Da B12 hawan ya fi sauri, yakan kai ƙololuwa wajen kwana 5 zuwa 7. Saboda haka ranar da ta dace a sake ƙirge ita ce ta 7 zuwa ta 10. Idan bai motsa ba, kafin a canja magani a tambaya ko ana shan sa kullum, domin baƙin bayan gida da tashin zuciya suna sa mutane su ajiye shi. A tambaya ko ana haɗa shi da shayi, wanda ke hana ƙarfe shiga jiki. A bar sa'a biyu tsakaninsu. Idan waɗannan sun daidaita, to ko jini yana ci gaba da zuba, ko akwai cutar da ke danne ɓargo, ko tun farko ba ƙarfe ba ne matsalar. Mai emasi ba a ba shi ƙarfe sai an tabbatar ya rasa shi, yaro mai tamowa mai tsanani kuma ba a fara masa a kwanakin farko na jinya.

Ƙananan na'urorin NFS ba sa ƙirga retikulosit. Manyan, irin Sysmex XN masu sashen wannan aiki, suna ƙirga dubban ƙwayoyi da rini mai haske, sun fi ido daidaito, har suna auna emogulobin da ke cikin ɗanyun ƙwayoyin, wanda ke faɗuwa da wuri idan ƙarfe ya yi ƙaranci. Su ma palu mai yawa da Howell-Jolly suna iya ɗaga musu ƙirge, don haka sakamakon da bai dace da majiyyaci ba a koma gilashi.

A takardar sakamako a rubuta kaso cikin 100, da adadi a mikrolita ko kason da aka gyara, da emogulobin da ematokirit na tub ɗin da aka ƙirga, da lokacin ɗiba da lokacin karantawa, da yawan ƙwayoyin da aka ƙirga. A ƙasa a ƙara ko an ga ɗigon Heinz ko Howell-Jolly ko palu, da ranar ƙarin jini na ƙarshe idan an taɓa yi. Ƙirgen da ya gaza kashi 1 a mai emasi da jininsa ya faɗi ba a barin sa cikin tarin takardu ya jira a zo ɗauka, a kira ɗakin da yaron yake a faɗa wa mai jinya da baki, a rubuta ƙarfe nawa aka faɗa.